Yadda Za Ka Gane Kuɗin Akanta Da Ya Dace: Jagora Ga Masu Gidajen Haya Da Ƙananan 'Yan Kasuwa A Jos

Tambayar da masu gidajen haya da masu shaguna suka fi yi mini ita ce, "Akanta, nawa ake biyanku?" Duk akantan da ya yanke maka kuɗi tun bai ga takardunka ba, ko dai ya cuce ka, ko ya cuci kansa daga baya ya riƙa yi maka aikin ganin dama. Kuɗin akanta ba yawan dukiyarka yake bi ba. Abu uku yake bi: yawan shige da ficen kuɗi a harkarka, halin da takardunka suke ciki, da irin sa hannun da hukuma take nema a kan aikin. Mai bene a Rayfield wanda 'yan haya shida ke biyansa sau ɗaya a shekara ta banki, aikinsa bai kai na mai shagon kayan masarufi a Terminus ba, wanda POS ɗinsa ba ya hutawa daga safe har magariba. Na daɗe ina wannan sana'a a Jos, kuma na sha raka 'yan uwa wajen wasu akantocin don a yi ciniki a gabana. Ga yadda ake bi.

Abin da za ka haɗa kafin ka nemi kowa

Ka samu fayil ɗaya ka zuba waɗannan a ciki:

- Sitetimen na banki na wata 12, na kowane asusun da kuɗin haya ko na ciniki ke faɗawa, har da na Opay ko Moniepoint idan da su kake karɓa.
- Littafin rasit na haya, da takardar yarjejeniyar kowane ɗan haya.
- Littafin ciniki, littafin bashi, da rasit ɗin sarin kaya.
- Shaidar abin da ka kashe a gyara: fenti, famfo, kwano, yashe sokawe, wayar wuta.
- Takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, idan kana da ita, da lambar harajinka.
- Duk wata takarda da hukumar haraji ta taɓa aiko maka, ko da ta shekara biyar ce kuma ba ka taɓa amsa ta ba.
- Sunayen yaran shago ko masu gadi da abin da kake biyansu.

Idan ba ka da littafin rasit, ka sayi littafi mai layi ka rubuta sunan kowane ɗan haya, ɗakin da yake ciki, abin da ya biya da ranar da ya biya, gwargwadon abin da alat ɗin wayarka ya nuna. Mai gyaran famfo ba ya ba da rasit, to ka sa shi ya rubuta aikin da kuɗin a takarda ya sa hannu, ko ka biya shi ta tiransifa ka rubuta dalilin biyan a wurin bayani. Rasit ɗin POS kuwa ka ɗauki hotonsa da waya ranar da ya fito. Takardar tana gogewa. An sha kawo mini jakar bakko cike da su, rabinsu sun koma farare fat, babu ko lamba ɗaya da za a karanta.

Mataki na 1: Ka tantance matsayinka a wajen hukuma

Daga nan farashi yake farawa, domin aikin da doka ta ɗora wa kowane rukuni daban ne.

Idan gidan da sunanka yake, ko shagon bai da rajista, harajinka na kuɗin shiga ne na mutum ɗaya, kuma hukumar tara haraji ta jihar Filato, PSIRS, ce take karɓa. Bayanin kuɗin shigarka na shekara ana shigar da shi kafin 31 ga Maris. Idan ka yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, a wajen haraji har yanzu kai mutum ɗaya ne, jiha za ka biya. Abin da ya ƙaru shi ne bayanin shekara da za ka kai wa CAC kafin 30 ga Yuni.

Idan kuwa kamfani ne mai Limited a ƙarshen sunansa, ka shiga hannun gwamnatin tarayya. Hukumar tara haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS daga 1 ga Janairu 2026, bisa dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025. Kamfani yana shigar da bayaninsa cikin wata shida bayan rufe shekarar kuɗinsa, kuma sai an haɗa masa cikakken lissafin shekara. Shi ya sa kuɗin akantan kamfani ya fi na mai sunan kasuwanci, ko da cinikinsu ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne na masu cewa, "Ai ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji." Gaskiya ne, tun Dokar Kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin kamfani, kuma dokar 2025 ta ɗaga wannan iyaka. Amma rashin biya daban, rashin shigar da bayani daban. Wanda bai shigar ba, tarar sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata bayansa. Mutane da yawa a garin nan sun buɗe Limited da fatan samun kwangila, kwangilar ba ta zo ba, takardar tana cikin durowa. Idan kana cikinsu, ka faɗa wa akanta tun ranar farko, domin gyaran shekarun baya aiki ne mai zaman kansa da kuɗinsa daban.

Mataki na 2: Ka rubuta ayyukan da kake so, ɗaya bayan ɗaya

"Ina so ka riƙe mini lissafi" ba bayani ba ne. Da wannan jimla ake fara yawancin rigimar da ke tashi tsakanin akanta da mai harka, domin kai kana nufin komai, shi yana nufin abu ɗaya. Ka ɗauki biro ka zaɓi naka daga cikin waɗannan.

Akwai shigar da ciniki da kashe kuɗi kowane wata, da daidaita littafi da sitetimen na banki. Akwai lissafin ƙarshen shekara da zai nuna riba ko faɗuwa. Akwai shigar da bayanin haraji na shekara. Akwai harajin albashin ma'aikata, wato PAYE, wanda ake turawa kafin 10 ga watan gaba, sannan a shigar da jimlar shekara kafin 31 ga Janairu. Akwai harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, na kashi 7.5 ga wanda ya hau kansa, kafin 21 ga watan gaba. Akwai bayanin shekara na CAC. Akwai neman takardar shaidar biyan haraji, wadda take nuna shekaru uku da suka wuce. Akwai kuma tsaya maka idan hukuma ta aiko da takardar bincike.

Mai gidan haya yana da nasa na musamman. Idan ɗan hayarka kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati ko ƙungiya, za su cire kashi 10 daga kuɗin hayar su tura wa hukumar haraji da sunanka. Kuɗin nan naka ne, za a rage shi daga harajinka na shekara, amma sai an bi an karɓo shaidar cewa sun tura. Bin wannan shaida aiki ne, ka sa shi a jerinka. Idan gidan na gado ne, ka ƙara da lissafin rabon kuɗin haya tsakanin magada. Malami ne zai faɗi rabon kowa, akanta ya cire gyara da haraji ya fitar da takardar da kowane magaji zai gani da idonsa. Na ga gidajen da wannan takarda ta shafi ɗaya ta hana 'yan uba zuwa kotu. Wasu 'yan kasuwa kuma suna so a ƙididdige musu kaya da bashi don fitar da zakka. Ka faɗa tun farko, kada ka kawo shi ana saura kwana uku azumi ka ce ai yana ciki.

Mataki na 3: Ka ƙirga girman aikin da kanka

Ka buɗe sitetimen na wata uku, wata mai ciniki sosai, wata matsakaici, da wata da kasuwa ta mutu. Ka ƙirga layukan da ke ciki, ka haɗa ka raba uku. Wannan lamba ita ce nauyin aikinka na wata. Mai gidan haya ya ƙirga 'yan hayarsa da yawan lokutan da suke biya. Ɗakuna 20 na ɗalibai a Unguwar Rogo, inda wannan ya kawo rabi, wancan ya ce sai babansa ya turo, sun fi filat shida wahalar lissafi nesa ba kusa ba.

Sannan ka amsa wa kanka tambaya ɗaya tsakaninka da Allah: kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki da kuɗin shago, duk a asusu ɗaya suke? Idan amsar e ce, ka sa a ranka farashinka zai kusa ninkawa, domin akanta zai zauna yana kiranka a kan kowane layi yana tambaya, "Alhaji, dubu arba'in ɗin nan ta ranar 14, ta kaya ce ko ta gida?"

Mataki na 4: Ka san wanda aikinka yake buƙata

Ba kowane aiki ne yake son babban akanta ba. Shigar da ciniki da daidaita littafi, akawu mai difloma ko wanda ya gama digiri a fannin zai iya, kuma Jos ba ta rasa su ba. Ga Jami'ar Jos, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga kuma kwalejin horar da akantoci ta ƙungiyar ANAN da ke Kwall. Lissafin shekara da harkar haraji kuwa suna son ƙwararre mai rajista: ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, ko ɗan ANAN, wadda ta samu tata dokar a 1993, ko ɗan CITN, ƙungiyar ƙwararru a ɓangaren haraji. Ka tambaye shi lambarsa ta ƙungiya. Wanda yake da ita ba ya jin haushin tambayar.

Odita, wato akantan da ke bincikar lissafi ya tabbatar da ingancinsa, shi ne mafi tsada, domin hatiminsa da lasisinsa yake ɗorawa a kan lissafinka. Kafin ka biya kuɗin odita, ka tabbata kana buƙatarsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajabcin naɗa odita, wato kamfani mai zaman kansa da cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, babu ɗan ƙasar waje ko gwamnati a cikin masu hannun jari, kuma daraktoci ne ke riƙe da aƙalla kashi 51. Sai dai banki ko mai ba da kwangila yana iya cewa sai ya ga lissafin da odita ya sa wa hannu. A lokacin ne za ka nema. Mai gida da sunansa ko mai sunan kasuwanci, idan wani ya ce masa dole sai an yi odit kowace shekara, ya tambaye shi wa ya nema.

Tsarin da na fi ba ƙananan 'yan kasuwa shawara shi ne a raba aikin biyu: akawu ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, ƙwararre ya duba sau ɗaya a wata uku ya kuma rufe shekara. Idan babu halin ɗaukar akawu, ɗanka ko 'yarka da ta gama sakandare za ta iya. Ka biya ƙwararre kuɗin zama biyu ya tsara mata littafi ko shafin Excel ya koya mata.

Mataki na 5: Ka nemi farashi a wuri uku, a rubuce

Ka kai wa mutum uku jeri iri ɗaya da lambobi iri ɗaya. Aƙalla ɗaya ya kasance wanda wani ɗan kasuwa irinka ya yi aiki da shi ya kuma yaba. Ka ce kowa ya rubuta kuɗin kowane aiki a layinsa, kada ya dunƙule. Ka tambaya ko VAT yana cikin farashin ko sai an ɗora.

Za ka ga hanyoyin caji kala huɗu. Kuɗin wata-wata ya dace da shago mai ciniki kullum. Kuɗin aiki guda ya dace da mai gidan haya wanda sau ɗaya a shekara yake buƙatar akanta. Kuɗin awa ya dace da shawara ko binciken hukuma, amma sai an sa masa iyaka, a ce kada ya wuce kaza sai an sake magana. Na huɗu shi ne kaso, kuma shi nake so ka yi hattara da shi.

Mun saba da la'adar dillali ta kashi 10, har wasu masu gida suna ɗauka haka ake biyan kowa. Dillali ɗan haya ya kawo maka. Akanta kuwa aikin da zai yi a kan hayar miliyan ɗaya shi ne zai yi a kan ta miliyan uku, lambar ce kawai ta canza. To don me kuɗinsa zai ninka uku? Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai cewa, "Ranka ya daɗe, ka ba ni kaso daga abin da na rage maka na haraji." Mutumin da abincinsa ya rataya a kan rage lamba zai rage ta ko ta wace hanya, kuma ranar da aka zo bincike sunanka ne a kan takardar.

Mataki na 6: Ka auna farashin da ma'auni biyu

Ma'auni na farko shi ne awanni. Ko da akanta bai ce da awa yake caji ba, a ransa da awa ya lissafa. Ka tambaye shi kai tsaye: aikin nan awa nawa zai ci a wata, kuma wa zai yi shi, kai ko yaronka? Daga nan ka buga lissafin da kanka.

Ga misali da lambobin da na ɗauka don koyarwa, kai ka sa naka. A ce shagonka yana da layi 600 a wata, asusun shago daban da na gida. Akawu zai ci awa takwas wajen shigarwa da daidaitawa da fitar da rahoto, ƙwararre ya ci awa ɗaya wajen dubawa. Idan awar akawu naira 3,000 ce, ta ƙwararre 15,000, jimla 39,000 ke nan a wata. Shagon nan dai, idan kuɗin gida da na shago a cakuɗe suke, akawu zai ci awa 16, ƙwararre awa biyu, kuɗin ya koma 78,000. Ka ga ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Duk lokacin da kuɗin wata-wata na mai zuwa jefi-jefi ya kamo albashin ma'aikaci na dindindin, ka tsaya ka yi tunani: ko ka gyara takardunka, ko ka ɗauki akawu naka ya zauna a shago.

Ma'auni na biyu shi ne ka kwatanta kuɗin akanta da harajin da ake magana a kai. A sabuwar doka, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Ɗauki mai ɗakuna takwas, kowane ɗaki 150,000 a shekara, wato miliyan 1.2. Ya kashe 200,000 a gyara, saura miliyan ɗaya. Idan ba shi da wata hanyar samu, abin da haraji zai hau kai 200,000 ne, harajin kuma 30,000. Wannan bawan Allah idan aka ce ya biya akanta 150,000 a shekara, an sa shi ya biya ninki biyar na harajinsa. Abin da yake buƙata littafi ne mai tsafta da zama ɗaya da ƙwararre a watan Fabrairu.

Yanzu ɗauki mai filat shida, kowanne miliyan 1.5, jimla miliyan 9. Gyara ya ci miliyan ɗaya, saura miliyan 8. Harajinsa 330,000 a kan miliyan 2.2, da 900,000 a kan miliyan biyar da suka rage, wato 1,230,000. A ce filat biyu wata ƙungiya ce ta kama, ta cire kashi 10, wato 300,000. Akantan da ya bi ya karɓo shaidar nan, ya kuma tabbatar an amince da kuɗin gyaran, ya riga ya fanshi kuɗinsa. Irin wannan mai gida idan ya biya 150,000 ko 200,000 a shekara, ni ban ga tsada ba. A ma'aunina, mai gidan haya mai takardu tsaf, idan kuɗin akanta na shekara ya haura kashi 3 na kuɗin hayar da yake karɓa, ya nemi a yi masa bayanin abin da ya kawo haka.

Kada kuma ka ruga wajen mafi araha. Idan biyu sun ce kusan abu ɗaya, na uku ya ce kwata, yawanci na ukun bai gane aikin ba, ko akwai abin da zai fito da shi daga baya. Araha ba ta ado. Akwai masu sayar da hatimi kawai, ka kawo lambobin da ka ga dama su buga maka. Takardar tana da kyau a ido, amma ba ta jure tambaya biyu a gaban jami'in haraji.

Mataki na 7: Ka raba kuɗin gwamnati da kuɗin akanta

Wannan ba ya son dogon bayani, amma a nan aka fi cin kuɗin mutane. Haraji, tara da kuɗin CAC na gwamnati ne. Akanta ya ciro maka lambar biya, kai ka biya da kanka a banki ko ta waya, rasit ya fito da sunanka. Kada ka tura kuɗin haraji asusun akanta, ko da ɗan uwanka ne. Idan ya ce akwai "na mutanen ofis", ka ce ya rubuta a takardar caji. Ba zai rubuta ba, kai ma kada ka bayar.

Mataki na 8: Ka yi ciniki da abin da ke rage aiki

Ciniki da akanta ba irin na Farin Gada ba ne, da za ka taya rabi ka juya baya ka jira a kira ka. Idan ka matse kuɗin aikin yana nan yadda yake, za a rage shi a inda ba ka gani. Ka rage aikin, kuɗin zai sauko da kansa.

Ka buɗe wa haya ko shago asusu na daban. Ka sa 'yan haya su riƙa biya ta banki suna rubuta suna da lambar ɗaki. Ka yi alkawarin kai takardu cikin makon farko na kowane wata, a jere bisa kwanan wata. Ka kai aikin shekara a Janairu, domin wanda ya zo ana saura kwana huɗu wa'adi ya cika, kuɗin gaggawa zai biya kuma ba shi da bakin magana. Idan kana da gida da shago, ka ba mutum ɗaya duka ka nemi ragi. Maƙwabtan shago uku ko huɗu a Katako ko Dilimi suna iya haɗuwa su ɗauki akawu ɗaya, kowa da ranarsa, muddin an yi sharaɗin cewa lissafin wani ba ya zuwa kunnen wani.

Masu gida su lura da wani abu sabo. Dokar 2025 ta ba ɗan haya damar rage kashi 20 na kuɗin hayar da ya biya, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yi masa haraji a kai. Ma'aikacin da ke zaune a gidanka zai nemi rasit, zai kuma faɗa wa hukuma abin da yake biyanka. Saboda haka duk akantan da ya yi maka tayin rubuta haya ƙasa da yadda take don kuɗinsa ya yi maka daɗi, ka ce masa albarka.

Mataki na 9: Ku rubuta yarjejeniya kafin a fara

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta ayyukan da aka amince, kuɗin kowanne, ranar da za a gama, da abin da ba ya ciki. A rubuta wa zai biya tara idan aka makara: idan kai ka ƙi kawo takardu, kai ne, idan shi ya yi sakaci bayan ka kawo a kan lokaci, shi ne. A rubuta cewa littattafai, fayilolin kwamfuta da lambobin sirrin shiga shafin haraji da na CAC naka ne. Lambar waya da imel da za a yi rajista da su ma su zama naka. Mutane suna raina wannan, sai ranar da aka ɓata suka tarar ba su iya shiga shafin kamfaninsu.

A aikin shekara, kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon kuma sai ka ga shaidar cewa an shigar da bayanin. A aikin wata-wata ka biya a ƙarshen wata bayan ka karɓi rahoto. Idan akantan ɗan uwa ne ko abokin masallaci kana jin nauyin kawo maganar takarda, ka ce masa, "Yaya, mu rubuta saboda mantuwa da kuma halin rai." Babu wanda zai ƙi wannan. Hajiyar da ba ta son zaman ciniki da kanta tana iya wakilta ɗanta ko ƙaninta, amma rasit da lambobin sirri su dawo hannunta.

Mataki na 10: Ka sake duba farashin bayan shekara

Idan shekara ta zagayo, ka fito da yarjejeniyar ka bi ta layi-layi. An shigar da komai a kan lokaci? An ci ka tara? Ka karɓi rahoton da kake ganewa, ko tulin lambobi ne da ba ka taɓa buɗewa ba? Idan ya nemi ƙari saboda tsadar rayuwa, maganarsa tana kan hanya, shi ma mai yake saya yana biyan haya. Amma ka sake ƙirga layukan sitetimen ɗinka. Idan aikin ya ƙaru, ƙarin ya bi shi. Idan kai ne ka gyara takardunka aikin ya ragu, ka nuna masa lambar ka nemi a bar kuɗin yadda yake.

Idan ka yanke shawarar canza akanta, kada ka yi a tsakiyar Maris ko dab da wa'adin kamfaninka. Ka bari a rufe shekara, ka biya shi duk abin da yake binka, ka karɓi fayil da kwafin duk abin da aka shigar, ka canza lambobin sirri a ranar. Sabon akantan zai tuntuɓi tsohon kafin ya karɓi aikin, haka ƙa'idar sana'ar take, kada ka ɗauka gulma suke yi. Takardun da ka karɓo kuma ka adana su aƙalla shekara shida, na takarda a fayil, hotunansu a waya ko kwamfuta.